Roba, Butil ko Gam: Da Me Za Ka Toshe Yoyon Rufin Tsohuwar Mota?

Ruwan farko na daminar ne ya tona mini asiri. Na kwashe rani guda ina yi wa tsohuwar Land Rover ɗina hidima, ƙirar Series III mai gajeren bodi. An sauke rufin, an yi fenti, an mayar. Ranar da na ɗauki surukina zan kai shi ɗaurin aure, ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da farko ɗigo ne ɗai-ɗai daga saman gilashin gaba yana sauka a gwiwata, na yi kamar ban gani ba. Da na sha kwana kuwa, sai ruwan da ya taru a lungun rufin ya kwararo gaba ɗaya a kafaɗar babbar rigarsa, farar shadda da ta sha bugu. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ɗan muskuta ya ce, "Malam, motar nan taka akwai ni'ima." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Laifina ne, ba na kowa ba. Tsohuwar robar da ta fi shekara arba'in a matse, ta bushe kamar ƙirgi, ita na sa aka mayar don in rage kashe kuɗi. Washegari na ƙara wa kaina wani laifin. Na sayo gam ɗin silikon guda biyu a shagon masu kayan gini, na bi gefen rufin ina matsawa ina shafewa da yatsa. Yoyon ya lafa na ɗan lokaci, sannan ya dawo ta wani lungu daban. Da na kai motar wurin wani tsohon fanalbita, sai ya sa farce ya ɗago bakin gam ɗin, ya ja, ya biyo shi kamar igiya, ƙarƙashinsa jiƙe sharkaf.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Baba, ni ne da hannuna."

"To kai da kake sauke rufin nan, me ya kai ka liƙe shi? Abin da ake buɗewa roba ake sa masa. Abin da ba a buɗewa shi ake liƙewa."

Duk zaɓin da zan kwatanta a nan, kan wannan maganar ta Baba ya tsaya. Rufin da ake cirewa yana da mahaɗa iri biyu, kuma kowace da abin da take so. Akwai wadda aka yi ta don a raba ta: tsakanin rufi da firam ɗin gilashin gaba, da tsakanin bangayen rufi da bakin bodi. Akwai kuma wadda tun daga kamfani aka haɗa ta har abada, kamar inda kwanon rufin ya haɗu da magudanar ruwan da ta zagaye shi. Yawancin ɓarnar da ake yi wa motocin nan ta fito ne daga ba wa ɗaya maganin ɗayar.

Ƙirar motarka ma tana da ta cewa. Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, rufinta alminiyam ne, yana zaune a kan bangaye biyu, su kuma suna zaune a kan bakin bodi mai ƙarfen da aka shafa wa zinki. Idan ka haɗa da na saman gilashin gaba, layin roba uku ke nan kafin ka zo kan ƙofofi da tagogi. Toyota Land Cruiser FJ40, ta 1960 zuwa 1984, hular rufinta faiba ce da aka kama da ƙusoshin ribit a jikin magudanar ƙarfe, bangayen kuma ƙarfe ne, shi ya sa tsatsa ke son fakewa a ƙarƙashin magudanar. A Amurka, Ford Bronco ta farko, 1966 zuwa 1977, rufin ƙarfe gare ta, ita kuwa Chevrolet Blazer ta 1969 zuwa 1975 rufinta duka faiba ne, ana ɗage shi tun daga gilashin gaba har baya. Wannan bambancin ba na ado ba ne. Idan rana ta buga, alminiyam yana miƙewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke miƙewa. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin inuwa ma kan haura digiri 40, kwanon rufin da ya yini a rana ba ya taɓuwa da hannu. Da dare ya huce ya koma. Ga kuma murɗewar bodi a kan hanyar burji. Duk abin da ka sa a tsakani, dole ya iya motsi tare da su.

Zaɓi na farko, kuma wanda na fi yarda da shi a mahaɗar da ake rabawa, shi ne robar da aka zuba musamman don motar. Mai kyau daga cikinta da robar EPDM ake yin ta, wadda rana da iska ba sa saurin cinye ta. Tana da leɓe ko rami a ciki, yadda idan rufi ya zauna za ta lotsa ta cika gurbin, idan an ɗaga ta dawo da siffarta. Ka sauke rufi sau goma, ka mayar sau goma, ba ka sayi komai ba. Ba ta manne wa fenti, ba ta ɓata riga.

Matsalarta biyu ce. Ta farko samu: sau da yawa sai an yi odarta daga waje, a jira makonni, ga tsada. Ta biyu, ba duk baƙar roba ce roba ba. Akwai wadda aka kwaikwaya da tauri kamar tayar keke, ka ɗaure notika har hannunka ya yi ciwo rufin bai zauna ba, ƙofa kuma sai da duka take rufuwa. Kafin ka biya, danna ta da babban yatsa ka saki, ka ga ko ta taso nan take. Lanƙwasa ta biyu ka duba bayanta, idan ka ga ƙananan tsage-tsage ta tsufa a kanti tun kafin ta zo hannunka. In ba ka sami ta ainihin motar ba, akwai mai siffar harafin D da ake sayarwa da mita wurin masu haɗa bodin bas, tana aiki sosai a kan layin da yake miƙaƙƙe, sai dai a kwana takan tattare.

Wurin sa ta ne mutane ke ɓata ta. Yaro ya kama bakinta ya ja don ta kai ƙarshe, bayan wata biyu ta tsuke ta koma tsawonta na asali, ta bar rami a kusurwa daidai inda ruwa ya fi taruwa. A shimfiɗa ta ne, ba a jan ta. Gam ɗin roba kuma gefe ɗaya kawai ake shafa wa, ko jikin rufi ko jikin bodi, ɗaya gefen a bar shi haka nan. Kada kuma a bari bakanike ya shafa mata giris ko baƙin mai wai don ta yi laushi. EPDM ba ta shiri da duk abin da ya fito daga man fetur, kumbura take ta lalace. Ruwan sabulu ya isa wurin zura ta, hodar jarirai kuma tana hana ta kama fenti.

Na biyu shi ne tef ɗin soso mai gam a baya. Ga araha, ga sauƙin sa wa, kuma yana cike gurbin da ba daidai yake ba, abin da tsohuwar mota ba ta rasawa. Amma soson iri biyu ne, a ido kuma kusan ɗaya suke. Akwai mai rufaffun ƙofofin iska, wanda ruwa ba ya ratsa shi, akwai mai buɗaɗɗu, ɗan'uwan soson wanke-wanke. Na biyun nan ya fi babu muni, domin shan ruwa yake ya riƙe shi a jikin ƙarfe har tsatsa ta huda. Gwajin ba wuya: yanki ɗan guntu ka kafa a baki ka hura. Idan iska ta wuce, ajiye musu kayansu. Ko mai kyan ma kada ka matse shi har ya zama faifai, in ya lotsa da kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa ya isa. Ka kuma sa a ranka cewa ba ya daɗewa. Bayan ya sha matsa da zafi ba ya sake tasowa, don haka duk ranar da ka ɗaga rufin, sabo za ka sa.

Akwai masu yanka tsohon tub na taya su shimfiɗa. Ba na raina wannan dabara, robar tub tana jure ruwa da iska ƙwarai. Sai dai sirara ce kuma ba ta lotsawa, ba za ta cike rami ba. Inda take da rana shi ne a yanka ta a matsayin washa a ƙarƙashin kan noti, ko a raba alminiyam da ƙarfe da ita, tunda idan su biyun suka haɗu da danshi alminiyam ɗin ne ke cinyewa ya zama farin gari.

Na uku shi ne butil, wanda mutane da yawa ba su san shi ba alhali ya fi dacewa da tsofaffin motoci fiye da rabin abin da ke kan kanta. Yana zuwa ne a naɗe kamar tef, baƙi ko ruwan toka, da takarda a tsakani. In ka taɓa shi kamar cingam ɗin da aka tauna, kuma haka zai zauna shekara da shekaru, ba ya bushewa. Masu jiragen ruwa da masu motocin kwana suna amfani da shi a ƙarƙashin duk abin da aka ɗaure da noti. Amfaninsa shi ne yana bin kowace lotsawa da kowane tabon guduma ya cike, idan ƙarfe ya motsa ya bi shi, bai tsage ba. Ba gam ba ne, ba ya riƙe komai, notika ne ke riƙewa. Saboda haka ranar da kake son raba mahaɗar za ta rabu, ko da yake sai ka yi haƙuri, ka zura zaren kamun kifi ko siririn katako kana yankawa a hankali.

A ƙasarmu ta zafi butil yana da halinsa. Yakan yi laushi ya tsattsafo ta gefe, ƙura ta manne masa, ka ga baƙin layi a jikin farin fenti, in ka jingina kuma ya bi rigarka. Bayan kwana biyu ko uku da sa shi sai ka sake bin notikan, domin ya ƙara kwanciya sun yi sako-sako. Wurin aiki da shi da tsakar rana wahala ce, yana bin yatsu kamar narkakkiyar alewa. Ni nakan jefa naɗin a firij na ɗan lokaci kafin in fara, uwargida tana harara ina yi kamar ban gani ba. Wanda ya tsattsafo kuma, dunƙula wani guntun butil ɗin ka riƙa dangwala shi, zai kwashe ɗan'uwansa. Abin da ya rage kuma kananzir na goge shi, amma ka kiyaye kada kananzir ɗin ya taɓa robar da ke kusa.

Shin a shimfiɗa butil a duk tsawon bakin bodi maimakon roba? Idan rufin naka sau ɗaya ake ɗaga shi a shekara biyar, kuma bakin bodin ya sha duka ya karkace, e, zai fi roba toshewa. Idan kuwa duk rani kake saukewa, za ka gaji da kankara. Inda ba shi da na biyu shi ne ƙananan wurare: ɗan zobe a kewayen kowane ramin noti, da ɗan dunƙule a kusurwar sama ta gilashin gaba, inda rufi da firam da ƙofa suka haɗu su uku. Roba ba ta taɓa rufe wannan kusurwa gaba ɗaya, kuma daga nan ne ɗigon da ke sauka a gwiwar direba yake fitowa.

Sai silikon, wanda na riga na ba ku labarin yadda muka ƙare da shi. Irin na banɗaki da tagar gida, mai warin tsami idan ana matsa shi, ruwan tsami yake fitarwa yayin da yake bushewa, wannan kuwa yana taimakon tsatsa a kan ƙarfen da fentinsa ya kwaile. Akwai marar warin da ba ya cin ƙarfe, amma sauran aibin na nan. Fenti ba ya kama shi. Ko bayan ka kankare shi, ɗan maiƙon da ya bari yakan sa sabon fenti ya yi ramuka kamar idon kifi, ka ji mai fenti yana tsaki yana ƙara kuɗi. Sabon silikon ma ba ya kama tsoho da kyau. Mafi muni, idan ya saki ta gefe ɗaya ba ka gani, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya kwanta, daga waje kuma komai lafiya lau. A jikin rufin mota ban ga inda ya fi sauran ba.

Foliyuretan shi ne gam na gaske, irin su Sikaflex 221 da makamantansa. Yana kama ƙarfe da alminiyam da faiba, yana bushewa ya zama roba mai tauri, fenti kuma yana hawa kansa. Wannan shi ne maganin mahaɗar da ba a rabawa: cikin magudanar ruwa, kewayen ƙusoshin ribit, da layin da hular faiba ta zauna a kan ƙarfe a FJ40. Sharaɗinsa shi ne tsafta. Sai an tono tsohon abin da ke ciki duka, an goge tsatsa har ƙarfe ya yi fari, an shafa fentin ƙasa ya bushe, sannan a ja layi siriri a lallaɓa shi. In ka zuba shi a kan tsatsa, ka rufe ciwo ne da ƙyalle. Bayan ya bushe a yi masa fenti, domin rana tana cin sa idan an bar shi tsirara. Da danshin iska yake bushewa, kamar milimita 3 a kwana guda idan iskar tana da laima, don haka a tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ma ke tsagewa, zai ɗauki lokaci fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. Duba ranar ƙarewarsa kafin ka saya, kuma in ka buɗe ka yi ƙoƙarin gama aikin, ragowar takan daskare a ciki.

Ƙarfinsa kuma shi ne haɗarinsa. Wanda ya zuba foliyuretan tsakanin rufi da bodi ya daina mallakar rufin da ake cirewa. Akwai wani na jiragen ruwa, 3M 5200, da kan ɗauki har mako guda kafin ya gama bushewa, idan ya kama kuwa, wurin raba shi fatar faiba kan biyo shi. Gam ne mai kyau a inda aka yi shi domin sa, amma ba a nan ba.

Kwalta da tef ɗin kwanon gida mai kwalta a ciki, waɗannan na ranar tafiya ne idan ruwa ya tare ka a hanya. Rana na narka su su zubo a jikin fenti. Fila ta masu gyaran bodi kuwa ba ta lanƙwasa, karon farko da motar ta faɗa rami za ta tsage.

Kafin ka kashe ko sisi, gano inda ruwan yake shiga, domin inda yake ɗiga ba nan ne ƙofarsa ba. Yakan shiga ta gaba, ya bi haƙarƙarin rufi, ya sauko ta baya. Ka zauna a ciki da tocila, wani ya riƙe tiyo a waje ba tare da matsa bakinsa ba, ya fara daga ƙasa, bakin bodi tukuna, ya daɗe a nan, sannan tagogi, sannan saman ƙofa, magudana, rufi a ƙarshe. In ya fara daga sama komai zai jiƙe lokaci guda, ba ka koyi komai ba. A kan robar ƙofa, maƙale takarda ka rufe ka ja, inda ta zare ba gardama nan roba ba ta taɓa ƙarfe. Mu nan muna da wani gwajin kyauta: bayan tafiya a hanyar burji da rani, duba cikin motar ka ga inda jar ƙura ta zana layi. Ƙofar da ƙura ta bi, ita ruwa zai bi. Wani lokacin ma ba yoyo ba ne sam. Rufin alminiyam marar silin yakan tara raɓa ta ciki da asubahin damina, ta riƙa ɗiga kamar ana ruwa. Wannan shimfiɗa yake so a cikin rufin, ba gam ba.

Akwai kuma yoyon da babu robar da za ta warkar. Idan gurbin da ke tsakanin rufi da gilashin gaba ya fi faɗi a hagu fiye da dama, to bodin ne ya zauna a karkace, ko robobin da yake zaune a kansu sun mutu, ko firam ɗin gilashin ya kwanta baya. A gyara wannan tukuna. Wurin mayar da rufi kuma, a zura dukkan notika da hannu sako-sako, a rufe ƙofofi a ga sun zauna daidai, sannan a fara ɗaurewa kaɗan-kaɗan daga gaba, hagu da dama bi da bi. A kan faiba a sa washa mai faɗi, kuma a tsaya da zarar roba ta lotsa, in aka wuce haka faibar ce za ta tsage.

To wanne za ka ɗauka? Mai sauke rufi duk shekara ya daure ya nemi robar EPDM ta ainihi, tsadarta sau ɗaya ce. Wanda aljihunsa bai kai ba a bana ya sa soso mai rufaffun ƙofofi, ya san cewa baɗi ko bayan baɗi zai sake. Wanda rufinsa ke zaune shekara da shekaru a kan bodin da ya sha duniya, butil ya fi masa. Su ukun duka suna bukatar ɗan butil a ramukan noti da kusurwoyi, da foliyuretan a cikin magudana. Lokacin aikin kuma Maris ne ko Afrilu, ƙarfe a bushe, ga sauran makonni kafin ruwa ya sauka, a yi shi da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi.

Tawa motar, kwana biyu muka yi da Baba muna kankare silikon da reza da guntun katako kafin mu sa komai. Muka tarar da ƙusoshin ribit huɗu sun saki a magudanar hagu, wurin da ban taɓa zargi ba. Muka canja su, muka ja foliyuretan a kai, sabuwar roba a layi ukun, butil a kusurwoyi. Da muka gama ya ce in shiga in rufe ƙofa, ya sa yaronsa ya yi ta kwara bokiti a kan gilashin gaba, shi kuma yana leƙe ta taga yana tambaya, "Ɗana, gwiwar ta jiƙe?"